Giyar Farin Wata: Harajin da Ya Sauya Aljihu

A daren 12 ga Oktoba 1934, a kan wata hanyar ƙauye ta gundumar Franklin da ke jihar Virginia a Amurka, aka yi wa motar wani ɗan sanda mai suna Jeff Richards kwanton ɓauna. Aka yi masa ruwan harsashi, shi da wani fursuna da ya ɗauko, babu wanda ya shura. Richards mataimakin shugaban 'yan sandan gundumar ne, amma aikin da aka fi saninsa da shi daban ne. Shi ne mai bi lungu-lungu yana karɓar kuɗin wata a hannun masu dafa giyar ɓoye a cikin duwatsu. Saura 'yan kwanaki ya tsaya gaban masu binciken gwamnatin tarayya, kuma kowa a garin ya san in ya buɗe baki manya za su ji kunya. Daga baya kotu ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu, 'yan fasa-ƙwaurin giya, a kan cewa fansar jinin ɗan'uwansu suka ɗauka. Da yawa daga mutanen Franklin sun ji hukuncin, sun kaɗa kai kawai.

Mai karatu ya lura da ranar. Wata goma kafin wannan dare Amurka ta riga ta soke dokar nan da ta haramta giya a faɗin ƙasar. To mene ne na kisa a kan abin da doka ta sake halattawa? Amsar ita ce rigimar giyar duwatsu ta girmi wancan haramci da shekara sama da ɗari, kuma ta ci gaba bayansa da shekara sama da arba'in. Tun asali faɗan haraji ne.

Mutanen da suka cika duwatsun Appalachia a ƙarni na 18, yawancinsu 'yan asalin Sikotlan da arewacin Ayalan ne, kuma da sana'ar turara giya suka ƙetaro teku. Sun tarar da ƙasa mai ba da masara, sai dai babu hanya. Manomi ya yi girbi, kasuwa tana bayan tsaunuka, tafiyar kwanaki a kan doki. In ya ɗauki hatsin a buhu, kuɗin sufuri zai cinye ribar. In kuwa ya jiƙa shi ya tsimu, ya dafa a tukunyar jan ƙarfe, ya bi da tururin ta cikin murɗaɗɗen bututu da ke nutse a ruwan rafi mai sanyi, abin da zai ɗigo ta ɗaya bakin doki guda zai ɗauke shi, ba ya ruɓa, ɓera ba ya ci. A yankin da tsabar kuɗi ke wuyar gani, wannan farin ruwa shi ne kuɗi. Da shi ake biyan ɗan ƙodago, da shi ake sayen gishiri da ƙusa.

A 1791 sakataren baitulmali Alexander Hamilton, yana neman abin biyan bashin yaƙin neman 'yanci, ya sa aka ɗora wa giyar gida haraji. An tsara shi ta yadda babban kamfani na birni zai biya kaɗan a kan kowane galan, ƙaramin manomi ya biya da yawa, kuma da tsabar kuɗin da ba shi da ita. Manoman yammacin Pennsylvania suka yi tawaye, suka riƙa shafa wa masu karɓar haraji kwalta suna yayyafa musu gashin tsuntsu. A 1794 Shugaba George Washington ya tara dakaru kimanin 13,000 ya nufe su, tawayen ya watse ba tare da wani gumurzu ba. Thomas Jefferson ya soke harajin a 1802. Yaƙin basasa ya dawo da shi a 1862. Wanda ya ƙi biya sai ya kwashe tukunyarsa ya shige ƙurmi kusa da rafi, ya koma aiki da dare don kada hayaƙi ya tona masa asiri. Abin da ya sa suke kiran giyar munshayin ke nan, wato hasken farin wata.

Tun a wancan zamani aka ga yadda rabon zai kasance. Yayin da jami'an haraji ke hawa duwatsu da gatari suna farfasa tukwanen talakawa, babbar satar tana birni. A 1875 aka bankaɗo wata ƙungiya ta manyan masu kamfanonin giya da jami'an haraji, cibiyarta a St. Louis, waɗanda suka wawure miliyoyin daloli. Zargin ya kai har kan Orville Babcock, sakataren Shugaba Ulysses Grant. Shugaban ƙasa da kansa ya ba da shaida a rubuce don kare shi, kotu ta wanke shi.

Sai kuma zamanin haramci. A nan ya kamata a yi wa masu fafutukar hana giya adalci, domin finafinai sun mai da su abin dariya. Matan da suka kafa ƙungiyar yaƙi da shaye-shaye a 1874 ba mafarki suka yi ba. Sun ga magidanci ya karɓi albashi ranar Asabar ya ƙarar da shi a mashaya, ya dawo gida ya huce a kan matarsa da 'ya'yansa, a lokacin da mace ba ta da ƙuri'a, kuma ba ta da wata kotu mai jin kukanta. Ƙungiyar Anti-Saloon League, wadda aka kafa a 1893, ita ta mai da wannan kuka ƙarfin siyasa a ƙarƙashin wani lauya, Wayne Wheeler, mutumin da ya ƙware wajen kayar da duk ɗan takarar da ya ƙi ba su haɗin kai. Abu ɗaya ya daɗe yana tare musu hanya: kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya daga harajin giya yake fitowa. Sai da aka kawo harajin kuɗin shiga na jama'a a 1913 sannan gwamnati ta iya sakin wancan nono. Aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 18, ya fara aiki ranar 17 ga Janairu 1920.

Dokar ta hana yi da sayarwa da safara, amma ba ta hana sha ba, kuma ba ta taɓa abin da mutum ya riga ya tara a gidansa ba. An kuma ba da shekara guda cur kafin ta fara aiki. Mai kuɗi ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kwalaye ya kulle. Likita yana da izinin rubuta wa majiyyaci giya a matsayin magani, coci da majami'ar Yahudawa suna da nasu kason na ibada, manoman inabi na California kuma suka riƙa sayar da curin busasshen inabi da gargaɗi a jiki, wai kada a jiƙa a ajiye kwana kaza domin zai zama giya. Wanda ya karanta ya gane. Jami'an da aka ɗauka su tsare wannan doka a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 ba su fi 1,500 da 'yan kai ba a farko, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Cikin shekara goma sha ɗaya, kusan ɗaya cikin kowane goma sha biyu an kore shi saboda rashawa ko wani laifi makamancinta, kuma waɗannan su ne aka kama.

Fasa-ƙwauri ya buɗe ta ko'ina. Jiragen ruwa suka riƙa ɗauko kaya daga Nassau ta tsibiran Bahamas da kuma Saint-Pierre, wani ɗan tsibirin Faransa kusa da Kanada, su yi layi a teku daura da Niyok, mil uku daga gaɓa inda ikon Amurka ya ƙare, ƙananan kwale-kwale masu gudu suna zuwa da dare suna saye. Bill McCoy ya yi suna a wannan layi da cewa ba ya surka kayansa, har aka kama shi a 1923. A Detroit kogi ne kawai tsakaninsu da Kanada, in sanyi ya daskarar da shi sai a bi ta kan ƙanƙara da tsofaffin motoci, wasu su isa, wasu su nutse da lodinsu. A majalisar dokoki kuwa akwai wani George Cassiday da ya shekara goma yana kai wa 'yan majalisa kwalabe har ofis. A 1930 ya bayyana komai a jaridar Washington Post, ya ce mafi yawansu masu sha ne, ciki har da waɗanda ke jefa ƙuri'ar haramci. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wannan duk na masu hali ne. Talaka ba ya ganin kayan McCoy. Abin da ke isa gare shi ya fito ne daga wata ƙofa, ita ma haraji ne ya buɗe ta. Tun 1906 gwamnati ta yafe wa masana'antu harajin barasar da suke aiki da ita wajen haɗa fenti da turare da magunguna, da sharaɗin a zuba mata abin da zai hana a sha. Da haramci ya zo, 'yan daba suka riƙa sace wannan barasa da tankoki, su ɗauki masana haɗa sinadarai su tace ta, a sa kala, a liƙa tambarin Sikotlan. Gwamnati ta ga haka, sai a ƙarshen 1926 ta ba da umarni a ƙara yawan gubar, musamman metanol, wanda ba ya fita da sauƙi, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya makantar da mutum. A bikin Kirsimeti na wannan shekara asibitin Bellevue na Niyok ya cika da masu aman mutuwa. Babban likitan binciken gawa na birnin, Charles Norris, ya fito fili ya ce gwamnati ta san mutane za su sha, ta kuma zuba. Wayne Wheeler ya mayar da martani cewa wanda ya sha, shi ya kashe kansa. Ɗaruruwa suka riƙa mutuwa duk shekara a Niyok kaɗai, kuma akwai masu bincike da suka ƙiyasta cewa kafin a soke dokar adadin ya kai 10,000 a ƙasar baki ɗaya.

A 1930 aka ga wata masifar. Akwai wani maganin ciki na ruwan citta da ake sayarwa a kantin magani, mai barasa sosai, wanda leburori ke saye don araha. Wasu 'yan kasuwa a Boston, don su yaudari gwajin gwamnati, suka zuba masa wani sinadari da ake amfani da shi a fenti da roba. Mutum tsakanin 30,000 zuwa 50,000 ƙafafunsu suka shanye, yawancinsu talakawan kudu da tsakiyar ƙasar. Wasu sun warke, wasu har suka mutu suna jan ƙafa. Babu diyyar da aka biya su.

Mu koma Franklin, inda jihar Virginia ta riga ƙasar hana giya tun 1916. Kafin nan, dahuwar giya a can aikin bayan girbi ne: manomi da 'ya'yansa, masara ko tuffa daga gonarsa, 'yar tukunyar jan ƙarfe ta gado. Da farashi ya tashi, sana'ar ta sauya kama. Masara tana ɗaukar lokaci kafin ta tsimu, sukari kuwa nan da nan, kuma ya fi ba da yawa. Aka koma sukari. Jan ƙarfe yana da tsada, aka koma manyan tukwane na katako da kwano masu cin ɗaruruwan galan. Wannan ƙaramar gunduma ta manoma ta riƙa sayen sukari da yis da gwangwanaye a jirgin ƙasa, adadin da ko babban birni sai ya yi da gaske. Wani rahoto da aka miƙa wa kwamitin Wickersham, wanda Shugaba Herbert Hoover ya kafa don duba yadda dokar ke tafiya, ya ce cikin mutum 100 na Franklin, 99 suna da hannu a harkar. Da ƙari a ciki, amma ba wanda ya tashi ya ƙaryata.

Wajen 1928 hukumomin gundumar suka ga kuɗi na wucewa ta gabansu, sai suka tsara abin. Aka raba gundumar shiyya-shiyya, kowane mataimakin shugaban 'yan sanda da tasa. Kowace tukunya tana da kuɗinta na wata, kowane lodi yana da nasa. Wanda ya biya, in jami'an tarayya za su kawo samame za a sanar da shi tun da wuri, motarsa kuma ba mai tare ta. Wanda ya ƙi, tukunyarsa ce za a fasa a nuna wa 'yan jarida cewa ana aiki. 'Yan gidan Bondurant, waɗanda aka yi fim ɗin Lawless a kansu a 2012, suna cikin masu taurin kan, kuma a Disamba 1930 wani ɗan sanda ya harbi biyu daga cikinsu a bakin wata gada. Sun rayu, sun kuma ba da shaida a kotu bayan kusan shekara biyar.

A duba wannan tsari da kyau. Akwai mai ƙayyade kuɗi, akwai mai karɓa, akwai lokacin biya, akwai hukuncin wanda ya ƙi. Haraji ne cikakke, rasit kawai ya rasa. Gwamnatin Amurka ta ce ta wanke hannunta daga kuɗin giya, amma kuɗin bai daina fita daga hannun mai tukunya ba. Dā yana tafiya baitulmali, yanzu yana shiga aljihun wanda aka ba bindiga ya hana. Masu gabatar da ƙara sun lissafa cewa giyar da aka fitar daga wannan harka tsakanin 1930 da 1935, da an biya mata haraji, da gwamnati ta samu dala miliyan 5.5.

Shi kuwa mai tukunyar, me ya samu? Attajirin gari ne ke ba shi sukari da gwangwani bashi, shi ne kuma ke sayen giyar a farashin da ya ga dama. Manomi ne ke kwana a daji cikin sanyi, shi ke shaƙar hayaƙi, shi ake kamawa in an tashi cika lissafin kamu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shari'ar da aka yi a Roanoke a 1935 ta ɗauki kimanin mako goma, an gurfanar da mutum 34, har da tsohon shugaban 'yan sandan gundumar da mataimaka. Wadda ta fi jan hankalin 'yan kallo ita ce Willie Carter Sharpe, mace direba mai lu'ulu'u a haƙora, wadda aikinta shi ne ta shige gaban ayarin motoci ko ta tare wa 'yan sanda hanya. Mafi yawan waɗanda aka gurfanar an same su da laifi, hukuncin da ya fi tsanani bai wuce shekara biyu ba. Amma mutumin da gwamnati ta ce shi ne uban tafiyar, Charles Carter Lee, babban lauyan gwamnati na gundumar kuma jikan ɗan'uwan Janar Robert E. Lee, an wanke shi. Shekara ta zagayo aka sake wata shari'ar a kan yunƙurin sayen masu taya alƙali yanke hukunci a ta farkon.

Kada wani ya ɗauka ina yi wa giya kamfe ne. Uwar laifuka ce a addininmu, kuma abin da ta yi wa gidajen Amurka kafin 1920 ya isa shaida. Masu cewa haramcin bai tsinana komai ba su ma ba su faɗi gaskiya ba: masana tattalin arziki da suka bi alƙaluman sun nuna shan ya faɗi zuwa kusan kashi 30 cikin 100 na yadda yake a farkon dokar, sannan ya farfaɗo zuwa kashi 60 ko 70, mutuwar ciwon hanta ma ta ragu. An tsira da rayuka. Abin da nake ja a kai shi ne tunanin cewa sa hannu a takarda shi ne aikin. A Madina ba rana ɗaya aka hana giya ba. An bi mataki-mataki cikin shekaru, bayan an riga an gina zukata, kuma masu isar da umarnin su ne farkon binsa, shi ya sa ranar da hanin ƙarshe ya zo mutane da hannunsu suka tuntsurar da tulunansu a kan hanya. Amurka ta fara daga inda ya kamata ta ƙare. Ta rubuta dokar da masu rubutun ba su da niyyar bi, ta bar wa mai kuɗi ƙofa, ta zuba wa talaka guba, ta miƙa tsaron ga ɗan sandan da albashinsa na wata bai kai abin da lodi ɗaya zai ba shi ba. Duk wanda ya zauna kusa da Jibiya ko Illela bayan rufe iyakokin Najeriya a Agusta 2019 ya ga irin wannan lissafi da idonsa: shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, tsada ta ƙara, shingaye suka yawaita a hanya, kuma yaron da ke ɗauko buhu biyu a babur shi ne mai karɓar harsashi. Duk lokacin da aka ce an hana wani abu alhali masu saye suna nan, tambayar da ta dace ita ce wa zai koma karɓar kuɗin.

Ko a ƙarshen haramcin, kuɗi ne ya yi magana. Al Capone na Shikago, wanda ake dangantawa da kisan mutum bakwai a garejin mota ranar 14 ga Fabrairu 1929, ba a kan jini aka ɗaure shi ba, a kan ƙin biyan haraji ne, shekara 11, a 1931. Da tattalin arziki ya durƙushe bayan 1929, baitulmali ya bushe, attajirai irin su Pierre du Pont suka zuba kuɗi a fafutukar soke dokar, da fatan in harajin giya ya dawo za a sassauta musu nasu. Mata ma suka rabu biyu, Pauline Sabin ta kafa ƙungiyar mata masu neman a soke. Ranar 5 ga Disamba 1933 aka yi gyara na 21, wanda ya shafe na 18.

Wani reshe na wannan labari ya iso ƙasarmu. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana sayar wa 'yan ƙasa giyar Turai a Arewa, amma a Kudu harajin shigo da ita na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Da aka tsawwala harajin, farashin manja kuma ya faɗi a farkon shekarun 1930, sai turara ogogoro daga bammi ta bazu kamar wutar daji. Masana tarihi suna ambaton wani mutumin Kalaba, Stocky James Iso, wanda ya zauna a Amurka a zamanin haramci, ya dawo da dabarar yana koyar da ita a biya shi. Turawa suka sa mata suna haramtacciya suka shiga kame, dalilinsu kuwa bai bambanta da na Hamilton ba. Gubar ma ta biyo sawu: a 2015 metanol a cikin ogogoro ya kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas.

A duwatsun Amurka kuwa, soke haramcin bai kashe ko tukunya ɗaya ba. Gundumomi da yawa na kudu sun ci gaba da hana sayar da giya, jihar Mississippi ma sai 1966 ta saki. Harajin tarayya, wanda yake dala 2 a galan a 1934, ya kai dala 10.50 a 1951, kuma duk ƙarin da aka yi riba ce ga wanda ba ya biya. Shekarun 1940 da 1950 su ne ganiyar direbobin dare. Suna son Ford ƙirar 1940 mai injin V8. A waje ka gan ta kamar motar limamin coci, a ciki an cire kujerar baya, an ƙara wa inji ƙarfi, an ƙara sifirin don kada nauyin lodi ya sa bayanta ya zauna 'yan sanda su gane. Ranar Lahadi yaran nan sai su taru a fili su gwada wa ya fi gudu, jama'a suna biyan kuɗin kallo. Lloyd Seay na Georgia ya ci babbar tsere a Atlanta ranar 1 ga Satumba 1941, washegari wani ɗan'uwansa ya harbe shi a kan rigimar bashin sukari. Shekararsa 21. Da Bill France ya kafa hukumar tseren NASCAR a 1948, da irin waɗannan direbobi da kuɗin iyayen gidansu ta tashi. A tseren farko na manyan motocinta a Charlotte a 1949, wanda ya zo na ɗaya, Glenn Dunaway, an ƙwace nasararsa saboda an tarar an taɓa sifirin motar irin yadda 'yan safarar giya ke yi.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Junior Johnson na gundumar Wilkes a North Carolina. Mahaifinsa ya yi kusan shekara 20 na rayuwarsa a kurkuku saboda wannan sana'a. Shi kansa ba a taɓa kama shi a kan hanya ba. A 1956, yana tsakiyar tashe a fagen tsere, ya je hura wa mahaifinsa wutar tukunya da asuba ya tarar jami'an haraji suna jira, ya yi wata 11 a gidan yari a Ohio. Ya fito ya ci tseren Daytona 500 a 1960, ya tara nasara 50 kafin ya ajiye tuƙi, Shugaba Ronald Reagan kuma ya yi masa afuwa a 1986.

Labarin direbobi yana da daɗin ji, shi ya sa shi ake ta maimaitawa. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na masu shan abin da suka ɗauko. Yawancin lodin unguwannin baƙaƙen fata da na leburori yake nufa a Atlanta da Filadelfiya da sauran birane, inda ake sayar da shi a ƙaramin kofi. Masu dahuwa da yawa, don gudun tsadar bututun jan ƙarfe, da tsohon lagireton mota suke sanyaya tururin, gubar dalma tana narkewa a ciki, tana cin ƙoda da ƙwaƙwalwa a hankali. A Oktoba 1951 wani dillali a Atlanta, John Hardy, ya cika odarsa da metanol. Sama da mutum 300 suka kwanta, kimanin 40 suka mutu cikin mako guda, wasu suka makance.

Gatarin jami'an haraji ya fasa dubban tukwane duk shekara, amma ba shi ya durƙusar da sana'ar ba. Hanyoyin mota sun shiga duwatsu, masaƙu da kamfanonin katako da gidajen kiwon kaji sun ba samari albashin da babu ɗauri a bayansa, gundumomi sun riƙa buɗe kantunan giya masu lasisi, sannan farashin sukari ya yi tashin gwauron zabo a 1974 ya cinye ribar. Franklin ta fi kowa jurewa. A 1999 gwamnatin tarayya ta sake dira a can, wannan karon ta bi takardun sayen sukari da asusun banki da dokar halatta kuɗin haram, ta ce an yi mata asarar harajin kusan dala miliyan 20.

Yau in ka je Gatlinburg a jihar Tennessee za ka ga 'yan yawon buɗe ido sun yi layi a kantin Ole Smoky, wanda aka buɗe a 2010, suna sayen farar giya a irin kwalbar da dā ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, an sa mata ɗanɗanon tuffa da kirfa. Junior Johnson ma, kafin rasuwarsa a 2019, ya shiga kamfani ya fitar da tasa mai suna Midnight Moon tun 2007, yana cewa haɗin gidansu ne. A gundumar Moore ta Tennessee, inda kamfanin giyar Jack Daniel's yake, har yanzu ba a yarda a buɗe mashaya ba, sai dai baƙo ya sayi kwalbar tsaraba a kantin kamfanin ya tafi da ita.